WAYA NA JA, HARSHE NA TURAWA

Hausawa kan ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Masu faɗin haka cizon kuskure suke nufi, wanda kan auku wajen cin abinci, a ji zafi kaɗan a manta. Amma akwai wani saɓanin da ya fi wannan daɗewa. Ba ya zafi, ba ya fid da jini, shekara da shekaru yana aiki cikin bakin yaro ba wanda ya lura, sai ran da aka ga haƙoran gaba sun ƙi gamuwa. Wannan shi ne turin harshe.

Gane shi ba wuya. A ce wa yaro ya haɗa turamensa, watau haƙoran tauna na ciki, sa'an nan ya buɗe leɓɓa. Ga mai lafiyayyen cizo, haƙoran gaba na sama kan sauko su ɗan rufe na ƙasa, kamar milimeta 2 zuwa 3. In kuwa aka ga kafa ta saura tsakanin na sama da na ƙasa, har tsinin harshe yana leƙowa ta ciki, to cizon a buɗe yake. A ba shi ruwa ya kurɓa, a duba fuskarsa: zai matse leɓɓa da ƙarfi, haɓarsa ta yamutse, harshen ya dunguri haƙora kafin ruwan ya wuce.

Kada a haɗa wannan da wushirya. Ita wushirya tsaga ce tsakanin haƙoran gaba biyu na sama, tun kaka da kakanni ado ce a ƙasar Hausa, ba ta hana kowa gatsa abinci. Kada kuma a haɗa shi da giɓin famfara, wanda kowane yaro ke yi wajen shekara 6 ko 7, sabon haƙori ya fito ya cike. Buɗaɗɗen cizo daban yake. Mai shi ba ya iya gatsa mangwaro ko tsinke zare da haƙoran gaba, sai ya karkata baki ya kai abin gefe. Turame su kaɗai ke ɗaukar aikin baki duka, saboda haka sukan lalace da wuri. Sau da yawa yakan zo da tsamin baki, musamman wajen furta s da z da ts, domin iska na tserewa ta kafar. Malamin lekwal da malamin allo su ne kan fara jin wannan tun kafin iyaye, abokan karatu kuwa ba sa barin abin ya wuce ba tsokana. Yaro da yawa ya daina ɗaga hannu cikin aji saboda haka, alhali ya san amsa.

Inda abin ke farowa

Kowane jariri da turin harshe ake haihuwarsa. Da shi yake shan nono: harshe ya miƙo gaba bisa dasashi, ya matsa, ya haɗiye. Yayin da haƙoran nono 20 suka fito, yaro ya shiga cin abinci mai tauri, sai harshen ya koma baya sannu a hankali, ya koyi dafa ganɗa wajen haɗiya. Ga yawancin yara wannan canji kan kammala da kansa cikin shekarun farko na lekwal.

Abin da kan tsai da shi iri biyu ne. Na farko tsotso: babban yatsa, ko robar tsotso, ko kwalbar madara da aka bar wa yaro har ya girma. Yatsan da ke kwana cikin baki yana tura haƙoran sama waje, yana danne na ƙasa ciki, yana hana su duka fitowa su kai inda ya kamata. Na biyu toshewar hanci. Yaron da ke fama da mura kullum, ko tsokar bayan hanci da ta maƙogwaro suka kumbura masa, tilas ya yi numfashi ta baki. Baki a sake, harshe ya sauko ya kwanta gaba. Irin wannan yaro yakan yi minshari, ya tashi matashi ya jiƙe da yawu. Akwai kuma gado, inda ƙashin muƙamuƙi kansa ya yi girma ta hanyar da ke buɗe cizo. Ƙidayar lafiyar jama'a da aka yi a Amurka tsakanin 1988 da 1991 ta nuna buɗaɗɗen cizo ya fi yawa nesa ga baƙar fata bisa ga Turawa.

Abu guda ya kamata a faɗa a fili. Cire beli wurin wanzami ba ya gyara wannan. Belin ba shi ne ke tura haƙora ba, ba shi ne kuma ke toshe hanci ba. Yaron da ba ya iya numfashi ta hanci, lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya gani.

An daɗe ana zaton haɗiyar ita ce ke buɗe haƙora. Wani malamin gyaran haƙora na jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, William Proffit, ya sake duba maganar cikin 1978, lissafinsa kuwa kowa na iya bin sa. Mutum kan haɗiyi yawu kamar sau 1000 a yini da dare, kowace haɗiya ba ta wuce daƙiƙa guda ba. In an tara, ba a kai minti 20 ba. Haƙori kuwa ba ya gusawa sai an matsa masa kamar awa 6 a rana, ko da matsin ba shi da ƙarfi. Ashe ba dungurin haɗiya ne babban mai laifi ba, mazaunin harshe ne: inda yake kwance sa'ad da mutum ke barci, ko yana sauraron rediyo, ko yana tafiya gona. Harshen da ke kwana tsakanin haƙora shi ne ke hana su gamuwa. Sau da yawa ma kafar ce ke fara samuwa saboda tsotson yatsa, sa'an nan harshe ya shiga ya toshe ta don a iya haɗiya, daga nan ya zauna ya hana ta rufewa.

Daga wannan ake gane dalilin da ya sa lokotoro ba ya gaggawar sa wa ƙaramin yaro ƙarfe. In aka bar tsotson yatsa kafin haƙoran girma na gaba su fito, kafar takan rufe da kanta ba a kashe ko dala ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar masu gyaran jeren haƙora ta Amurka tana ba da shawara a kai kowane yaro a duba cizonsa yana shekara 7, lokacin da turamen girma na farko suka fito.

Abin da waya ke yi

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun 1728 wani Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya bayyana cikin littafinsa wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare. Cikin 1899 Edward Angle na Amurka ya kasa karkatar cizo kashi 3, da su ake aiki har yau. Wajen 1965 aka fara manna ƴan ƙananan ƙarafa kai tsaye a jikin haƙori, a farkon shekarun 1970 kuma aka shigo da wayar da aka haɗa da nikel da titaniyom, wadda in an lanƙwasa ta takan nemi komawa siffarta ta fari, tana jan haƙora tare da ita a hankali.

Haƙori ba kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa cikin katako ba. Wasu siraran jijiyoyi ke riƙe da saiwarsa. In an matsa masa a hankali ba fasawa, ƙashin da ke gabansa ya narke kaɗan, sabon ƙashi ya tsiro bayansa, haƙorin ya matsa. Tafiyar ba ta wuce kamar milimeta guda a wata. Don haka aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci uku, kuma ba a iya gaggauta shi da ƙara ƙarfi. Ƙarfin da ya wuce kima saiwa yake ci.

Ga mai turin harshe akwai ƙari bisa wannan. Akan sa masa wani ɗan shinge na waya bayan haƙoran gaba na sama, an kafa shi jikin turame, don ya tare harshe. Wasu lokotorori kan manna ƴan ƙayoyi marasa kaifi bayan haƙora, harshe ya taɓa ya janye. A Faransa ana amfani da wata ƴar rumfar roba da ake sawa da dare, mai kai harshe sama ga ganɗa. Shingen kan zauna wata 6 zuwa shekara. Akwai kuma ƴan zobban roba da ake ratayawa daga haƙoran sama zuwa na ƙasa, mai su ne ke sawa ya cire da hannunsa. Babban mutum wanda ƙashinsa ya gama girma, in kafar ta yi faɗi, wani lokaci sai an kafa ƴan ƙananan kusoshi cikin ƙashi don a tura turame ciki, ko ma a yi aikin tiyata a muƙamuƙi.

Makon farko

Nan ne masu yawa ke karaya. Ran da aka sa waya ba a jin kome sai nauyi. Daren nan ciwo ya fara, washegari ya kai matuƙa, haƙora su yi tsami har tuwo ma ya zama abin tsoro. Bayan kwana 3 ya fara sauka, kafin mako ya cika ya tafi. Duk ran da aka ƙara ɗaure wayar yakan dawo, amma bai kai na farko ba. Wannan ciwo ba alamar ɓarna ba ce, alama ce ƙashi ya fara amsawa. Farasitamol ya isa, gwargwadon nauyin mai sha. Ba a ba yaro asfirin.

Ƙarafan kan goge cikin leɓe da kunci har su yi ƴan gyambuna. Lokotoro kan ba da kakin da ake mulmulawa a manna bisa ƙarfen da ke cuta, bayan an tsane shi da auduga. A kurkure baki da ruwan ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. Bayan mako biyu ko uku fatar bakin ta saba. Lokacin hunturu leɓɓan mai waya sun fi na kowa tsagewa, tun da ba sa rufuwa sosai. Man kaɗanya ya wadatar.

Mai shingen harshe yana da nasa tasku. Kwanakin farko yawu kan cika masa baki, magana ta rikice, shatin waya ya fito bisa harshensa. Maganin wannan magana ce. Ya ɗauki littafi ko jarida ya yi ta karantawa da ƙarfi shi kaɗai, minti 10 safe da maraice. Cikin mako ɗaya ko biyu harshe ya sami sabuwar hanya. Yana da kyau uba ko uwa su sanar da malamin ajinsu tun da wuri, kada a tsai da yaron karatu gaban jama'a cikin waɗannan kwanaki. In da hali ma, a sa shingen lokacin hutu.

Ci da sha

Abincinmu na yau da kullum ba ya gaba da waya. Fura da nono, kunu, koko, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake da suka dahu lugub, ƙwai, kifi, dankali, ayaba, duk ana ci. Abin da ke karya waya shi ne abin marmari na kan hanya: kilishi, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, rake, goriba, gasasshiyar masara, alewa mai danƙo, da tauna ƙashi ko ƙanƙara. Goro yana cikinsu, ga tauri ga rini. Nama a yayyanka shi ƙanana a kai ga turame. Mangwaro a yanka da wuƙa. Ƙuli-ƙuli in an daka ya shiga kwaɗo, ba laifi. Dabino a cire ƙwallon tukuna, a kuma wanke baki bayansa, domin yana maƙalewa.

Kowane ƙarfen da ya ɓalle, haƙorinsa ya tsaya ke nan har ran da aka sake manna shi. Ƙuli-ƙulin dala biyar na iya ƙara wa aiki wata guda.

Sukari ya fi tauri haɗari, don ɓarnarsa ba a ganinta sai an cire waya. Ragowar abinci kan taru kewaye da ƙarafan, ƙwayoyin cuta su mai da sukari tsami, tsamin ya ci farin haƙori. Ran da aka cire, sai a ga haƙora sun jeru amma kowane da farin tabo kewaye da inda ƙarfe ya zauna, tabon kuwa ba ya fita da wanki. Samarin da ke zaman shayi, na fari da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa, su lura da wannan. Haka masu lemun kwalba.

Wanke baki ya zama bayan kowane cin abinci, da buroshi mai laushi da man goge haƙora mai fulorayid, a bi sama da ƙarfe da ƙarƙashinsa da bakin dasashi, aƙalla minti 2. Akwai ɗan siririn buroshi mai shiga ƙarƙashin waya. Asuwaki abu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya isa nan: bai shiga lungunan ƙarafa, zarensa na saƙalewa, in an danna da ƙarfi yana ɓalle su. Cikin watan azumi a wanke sosai bayan buɗa baki da bayan sahur, domin busasshen baki ya fi saurin lalacewa.

Horon harshe

Wannan shi ne rabin aikin da ba a gani, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Waya tana kai haƙora inda ake so. Ba ta koya wa harshe kome. Shinge ma tarewa yake yi. Ran da aka cire shi, harshen da bai koyi sabon mazauni ba zai koma tsohon.

Mazaunin nan kowa na iya samunsa yanzu. A ce "na", a tsaya. Inda tsinin harshe ya dafa, wani ɗan tudu bayan haƙoran sama, ba jikin haƙoran ba, nan ne. Harshe ya kwanta can, bayansa ya manne da ganɗa, leɓɓa a rufe, haƙora ba su matse ba, numfashi ta hanci. Haka ya kamata baki ya kasance duk lokacin da ba a ci ba a magana.

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, masu gyaran furuci da ake kira ortofonis su ke koyar da wannan, amma darussan a gida ake yin su. A ɗora ɗan zoben roba bisa tsinin harshe, a danna shi ga tudun nan, a haɗa turame, a buɗe leɓɓa, a haɗiye yawu. In zoben na nan inda aka sa shi, haɗiyar ta yi daidai. A manna harshe duka ga ganɗa a sake shi ya yi ƙara, kamar mai kiran doki. A kurɓi ruwa kaɗan a riƙe shi tsakanin harshe da ganɗa, a yi murmushi, a haɗiye gaban madubi ba tare da harshe ya leƙo ba. A maimaita kalmomi irin su nono, lalle, tattali, dandali, ana lura kada harshe ya taɓa haƙora. Minti 5 sau 3 a rana ya fi awa guda ran Lahadi. Cikin makonni kaɗan mutum kan iya yin sa in ya tuna. Kafin ya zama yana yi bai sani ba, har cikin barci, sai an yi watanni. Yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba da wuya ya riƙe darasin. Wanda ya kai kuwa yana bukatar babba guda cikin gida mai tuna masa da alama, ba da tsawa ba. Duka da gori ba su taɓa raba yaro da yatsa ko gyara masa harshe ba.

Dalilin nacewa a kan wannan, buɗaɗɗen cizo yana cikin karkatar da ta fi saurin dawowa. Cikin 1985 masu bincike na jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil sun sake auna mutanen da aka gyara wa cizo shekaru kamar 10 da suka wuce, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku kafar ta sake buɗewa. Wani binciken na 2010 ya gwada waɗanda aka yi wa waya kaɗai da waɗanda aka haɗa musu da horon harshe: na farko sun koma baya fiye da milimeta 3, na biyu kamar rabin milimeta.

Saboda haka ran cire waya ba ran gamawa ba ce. Akan ba da abin riƙo, ko faranti mai waya da ake sawa a cire, ko wata roba garai-garai, ko siririyar waya da ake mannawa bayan haƙora. Watannin farko dare da rana ake sa shi, daga baya da dare kaɗai, shekaru da yawa. Na roba ba ya son zafi: in an bar shi cikin rana, ko cikin mota, ko aka zuba masa tafasasshen ruwa, ya lanƙwashe ya tashi aiki. Ba a naɗe shi cikin takarda wajen cin abinci, don da shara ake kwashe shi.

Kafin a fara

Ba kowane lokotoron haƙora ke wannan aiki ba, sai wanda ya ƙara karatu a kansa, irinsu kuwa a manyan birane suke. Mai waya yana komawa kowane mako 4 zuwa 8. In an ɗauki mako 6, cikin shekara 2 zuwa 17 ke nan. Wanda zai taso daga Maraɗi zuwa Yamai yana da kilomita fiye da 600 a gabansa, na Tawa fiye da 500, na Damagaram kusan 900, ban da komowa. Ma'aikacin gwamnati da ake iya canza wa wurin aiki ya sa wannan cikin lissafi, ya kuma tambaya tun ran farko nawa ne kuɗin aikin duka, har da hoton radiyo da abin riƙo, da wanda zai karɓi yaron in an yi ƙaura. Wayar da aka sa aka watsar ta fi rashinta sharri: haƙora su ruɓe ƙarƙashinta, su kuma tafi inda ba a aike su ba.

Haka nan a guji wayar ado da ake sayarwa a kasuwa ko ta intanet, da ɗaure haƙora da zoben roba a gida don a rufe kafa. Zoben kan sulale ya shige ƙarƙashin dasashi, ya bi saiwa yana cin ƙashi ba a gani, har haƙoran gaba biyu su faɗo. An sha ganin haka.

Wanda ke nesa da asibiti ya riƙe kaki da zobban roba na wata biyu, da lambar tarhon lokotoronsa. In bakin waya ya fito yana sukar kunci, a lanƙwasa shi da robar goge fensir, ko a rufe shi da kaki. In ya ƙi, a datse shi da abin yanke farce da aka tafasa, a tare guntun da auduga kada a haɗiye. Ƙarfen da ya ɓalle amma yana rataye jikin waya, a bar shi nan a manna masa kaki har ranar komawa. Kumburin fuska, ko zazzaɓi tare da ciwon haƙori, ko shingen da ya cire gefe guda yana lilo cikin baki, waɗannan ba sa jiran ranar alkawari. A nufi asibiti mafi kusa ran nan.